Na Buga Tebur a Gaban Dattawa, Fasto Ya Ce Kirista Ba Ya Fushi

Mama, gaisuwa cikin sunan Yesu. Ni magidanci ne ɗan shekara 44 a Kafanchan. Yayana ya rasu bara, ya bar mata da yara huɗu da gonar citta. Ko wata uku ba a yi da jana'iza ba, ƙanen babanmu ya jinginar da gonar ba da sanin matar ba, wai mace ba ta gadon ƙasa. Aka kai maganar gaban dattawan ikilisiya, shi ma yana cikinsu. Da na ji kowa sai "a yi haƙuri" yake cewa, na buga tebur, na kira shi azzalumi a gaban kowa. Fasto ya ce Kirista ba ya fushi, in je in roƙi gafara. Tun ranar ban ƙara cin jibin Ubangiji ba. A gida kuwa abu kaɗan sai in hau matata da faɗa, makon jiya har na mari ɗana don ya fasa kofi. Mama, fushin nan nawa zunubi ne?

Ɗanki a Kafanchan

Ɗana, sannu da wannan rashi. Da girmamawa ga fastonka, a nan ban yarda da shi ba. Buɗe Markus 3:5. Yesu ya dubi mutanen majami'a da fushi saboda taurin zuciyarsu, don sun fi son a bar mai shanyayyen hannu da ciwonsa da a warkar da shi ran Asabar. Namijin da zai ga ana ƙwace abincin marayu zuciyarsa ba ta motsa ba, ni ba zan kira shi mai haƙuri ba. Afisawa 4:26 ma ba ta hana fushi ba, iyaka ta sa masa: kada ya kai ka ga zunubi, kada rana ta faɗi kana riƙe da shi. Naka kuwa ya kwana nawa yanzu?

Dubi inda ya sauka. Baffanka na barcinsa lafiya, gona na hannun wani, wanda ya sha mari ɗanka ne, a kan kofi. Wannan fa ba fushin adalci ba ne, jin haushin kaza ne huce a kan dami. Kafin komai, ka kira yaron nan da uwarsa yau da dare ka ce musu ka yi kuskure. Girmanka ba zai zube ba.

Sannan ka zauna da Nehemiya sura 5. Talakawa sun kawo masa kuka cewa sun jinginar da gonakinsu, 'yan'uwansu Yahudawa na cin su da ruwan bashi. Ya husata ƙwarai. Amma sai da ya yi shawara da zuciyarsa tukuna, sannan ya tara jama'a, ya faɗa wa manya laifinsu ido da ido, ya sa suka yi rantsuwa a gaban firistoci za su mayar da gonakin. Kai ka yi ta farkon, ka tsallake sauran.

Batun gafara kuwa, ka je. Ka ce, "Baba, na ɗaga maka murya cikin mutane, ka yafe mini. Amma gonar marayu ce, ba zan bar maganar ba." Haka Matiyu 18 ta tsara: kai da shi tukuna, sannan da shaida ɗaya ko biyu. In za a koma gaban dattawa, ka roƙa shi ya zauna a gefe, mutum ba ya alƙalanci a shari'arsa. Ka nemi maƙwabtan gonar da suka san yayanka ne ya nome ta, ka sanar da dagaci. In abin ya ci tura, ka raka matar yayanka ofishin ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, suna taimakon gwauraye. Ka kuma tambaye ta abin da take so. A duk wasiƙarka ban ji muryarta ba.

Ran da za a ba da jibi, ka je ka ci. Ka sake rubuto mini bayan ka ga baffan.