Zazzaɓin dabba: amsoshin wasiƙunku

Wani makiyayi ya rubuto cewa saniyarsa ta haihu, ba a jima ba hantsarta ta kumbura gefe ɗaya, jiki ya yi zau, ta daina kiwo ta daina tuƙa. Ya yi mata allurar deksa (wato deksametason, maganin rage kumburi), washegari zafin ya sauka amma saniyar sai ƙara lalacewa take. Wai ko ya ƙara allurar?

Malam kar ka ƙara. Maganar deksa ɗin nan na sha maimaita ta kuma har yau ba a daina ba, shi ya sa zan ɗan tsaya a kanta. Zazzaɓi ba shi ne cutar ba, jiki ne da kansa yake kunna shi, a mutum da dabba duk hanya ɗaya ce. Bakteriya irin su E. coli, wadda sau da yawa ita ke kawo mugun ciwon hantsa bayan haihuwa, tana da wani dafi a fatarta da ake kira LPS. Da zarar ta shiga, fararen ƙwayoyin jini masu gadi, su makrofej da monosait, sai su gane dafin nan su fara sakin wasu sinadaran aika saƙo da ake kira saitokin, manyansu su ne IL-1 da IL-6 da TNF. Saƙon ya isa ƙwaƙwalwa, sashen da ke daidaita zafin jiki sai ya ɗaga ma'auni, shi ya sa za ka ga dabba tana karkarwa alhali jikinta kamar garwashi. Saitokin ɗin ne kuma ke kashe mata sha'awar ci, suna kiran ƙarin fararen ƙwayoyi zuwa hantsar, IL-6 ma har sa hanta take ta fitar da abin da zai ɓoye sinadarin ƙarfe na jini don bakteriya ta rasa abin da za ta hayayyafa da shi.

To deksa danne wannan saƙon take, zafi ya sauka ka ɗauka an warke, bakteriyar kuwa tana nan tana cin karenta ba babbaka. Ga shi deksa tana sa saniya mai tsohon ciki ɓari. Amma fa saitokin ma idan suka yi yawa kisa suke, ƙarfin gudun jini ya faɗi, kunnuwa su yi sanyi, saniya ta kwanta. Saboda haka tatse wannan gefen akai-akai ka zubar, ka ba ta ruwa sosai, ka nemo likitan dabbobi yau ɗin nan, shi zai zaɓi maganin kashe bakteriya da na rage kumburi irin su fluniksin.

Wani kuma ya tambayi yadda zai gane zazzaɓi. Taɓa kunne bai isa ba, sayi ma'aunin zafi ka sa ta dubura da sassafe, babbar saniya in ta haura digiri 39.5 akwai matsala.

Mai tambayar ko oksi (wato oksitetrasaikilin, maganin kashe bakteriya) tana maganin kowane zazzaɓi: ba ta taɓa sammore (cutar da ƙudan tsando ke kawowa), ba ta taɓa boru (ciwon baki da kofato), a kansu asarar kuɗi ce kawai.

Sai baiwar Allah da ta ce shanunsu suna ta ɓari, ita kuma zazzaɓi yana zuwa yana tafiya da gumin dare da ciwon gaɓoɓi. Hajiya wannan ya yi kama da bakkale, cutar nan mai sa shanu ɓari, kuma tana kama mutum ta ɗanyar madara da taɓa mahaifar saniyar da hannu. Dan Allah ki je asibiti a gwada jininki, ki faɗa musu zancen ɓarin, madara kuma a riƙa tafasa ta kafin kowa ya sha.