Tambayi Likita: ciwon damuwa, mai jegon da aka ce iska ce, da mutuwar zuciya

Assalamu alaikum. Tambayoyin wannan karo duk a kan damuwa suka taru, sai ka ce haɗa baki kuka yi. Na cire sunaye kamar yadda muka saba. Akwai wasiƙa ɗaya da ta hana ni sukuni, a kanta zan fi daɗewa, don haka wanda ya ga amsarsa gajera ya yi mini afuwa.

Likita, yaya mutum zai gane damuwarsa ta zama ciwo, ba ɓacin ran yau da gobe ba ne? Malamin firamare, Funtuwa.

Malam, ƙirga kwanaki, ka kuma duba ɓarnar da take yi. Ɓacin rai yana da dalili, yana kuma wucewa. Albashi ya shigo ko an yi haihuwa a gida, sai fuska ta saki. In kuwa an yi mako biyu cur ƙunci bai ɗaga ba, abin da a da yake maka daɗi ya fita daga ranka, barci da cin abinci sun rikice, jiki ya mutu, kana ganin kanka ba ka da wani amfani, to a zo asibiti. Da yawa ma ba da ƙunci suke zuwa mana ba. "Kaina na zafi", "wani abu na yawo a jikina", "ƙirjina ya yi nauyi", da su suke zuwa, bayan sun sha maganin taifot da na olsa har sun gaji.

Wata uku ke nan ba na barci sai na sha wata ƙwaya da mai kemis ɗin layinmu yake ba ni, ya ce sunanta diazepam. Yanzu ɗaya ba ta yi mini sai biyu. Ɗan kasuwa, Kano.

Alhaji, jikinka ya fara sabawa da ita, shi ya sa ɗaya ta daina isa. Kada ka yanke ta dare ɗaya, don hakan na iya jawo karkarwa har da jijjiga. Ka zo a rage maka a hankali, a kuma nemo abin da ya kore barcin tun farko. In kana farkawa tsakar dare ne tunani ya hana ka komawa, da wuya in ba damuwa ce a ƙasa ba. Goro da shayi mai kauri, a bar su daga la'asar. Shi kuma mai kemis ɗin, Allah ya shirye shi. Mun ga abin da wannan sakacin ya jawo a kan maganin tari mai kodin har sai da gwamnati ta haramta shi a 2018, amma har yau ana miƙa wa mutane ƙwayar barci kamar alewa.

Likita, ƙanwata ce ta yi haihuwar fari, tana wanka a gidanmu, yau kwana 25. Tun bayan suna ba ta cin abinci, ba ta barci, sai kuka. Ba ta ɗaukar jaririn sai an ɗora mata, muka ɗauka kunyar ɗan fari ce. Shekaranjiya ta ce mini da ta mutu da kowa ya huta, yaron ma ya fi dacewa da wata uwar. Gwaggonmu ta ce iska ce ta shige ta a wurin wanka. Ana mata hayaƙi har da barkono, an kuma kawo mai ruƙiyya yana zane ta wai aljanin yake duka. Yanzu ana maganar kai ta wani gida a ɗaure ta. Yayarta, Gusau.

'Yar uwa, kafin komai: a kai ta asibiti yau. Ba bayan arba'in ba, ba sai mijinta ya dawo daga tafiya ba. Kafin a samu mota, kada a bar ta ita kaɗai ko na ɗan lokaci, kada kuma a bar ta ita kaɗai da jaririn. Ki bi ɗaki da kicin ki kwashe fiya-fiya, maganin ɓera da duk wasu magunguna ki kulle. Wanda ya ce gara ya mutu, ba a cewa neman magana yake yi. Ki zauna kusa da ita ki tambaye ta kai tsaye ko tana tunanin yi wa kanta wani abu. Tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin da ba shi da shi. Sau tari ma ajiyar zuciya za ki ji, don ta samu wanda zai saurare ta.

Yanzu bari in yi miki bayanin abin da nake zato, ki karanta wa Gwaggo in da hali.

Mace in ta haihu, sinadaran da suka riƙe ciki wata tara suna faɗuwa cikin 'yan kwanaki. Ga zubar jini, ga rashin barci, ga gida cike da 'yan barka. Shi ya sa mata da yawa ke yin kuka ba dalili wajen kwana uku zuwa biyar, ya kuma wuce da kansa kafin mako biyu. Wannan ba komai. Amma in ya zarce, ya ƙara nauyi, ya zama ciwon damuwa na bayan haihuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mace 1 cikin 10 masu ciki da masu jego suna gamuwa da shi. Ki ƙirga sunan da kika je bana, ki ga mata nawa ke nan. Akwai kuma wanda ya fi shi tsanani, yana samun mace 1 ko 2 cikin 1,000, inda mai jego ke ruɗewa, ta yi surutai, ta ji muryoyi, ko ta ce jaririn ba nata ba ne. Ko wanne ne a cikin biyun ya sami ƙanwarki, likita zai tantance, kuma dukansu ana warkewa.

Batun kunyar ɗan fari ya daɗe yana damuna. Al'ada ce mai kyau a wurinta, amma tana ɓoye mana marasa lafiya. Mai kunya tana kawar da kai a gaban manya, in ɗaki ya watse sai ki kama ta tana leƙen fuskar yaron. Mai ciwo kuwa ko ba kowa ba ta kallonsa, tana kuma cin kanta da laifi a kan hakan. Ke da kike kwana ɗaki ɗaya da ita kin fi kowa sanin wacce ce a ciki.

Hayaƙin barkono kuwa, wallahi ban san ranar da za mu daina ba. Mace ta zubar da jini, ba ta ci ba, ba ta yi barci ba, a rufe ta da bargo a tura mata barkono a huhu, ga jariri ɗan kwana 25 yana shaƙa a gefe. In ta suma a ce aljani ya fita. Dukan kuma a jikin wa yake sauka? Wa ke kwana da tabon? Ba na faɗa da addu'a. A karanta mata Alƙur'ani, a yi mata tofi, a yi sadaka, babu likitan da zai hana, a gadon asibiti ma ana yi. Amma duk mai maganin da ya ɗaga bulala, ko ya ce kada a kai asibiti wai allura tana fusata iska, a sallame shi cikin mutunci. Gidan mari kuma kada a fara. Ba mu manta abin da 'yan sanda suka tarar a Rigasa ta Kaduna a 2019 ba, mutum wajen 300, da yawansu da mari a ƙafa da tabon duka a baya, kuma iyaye ne suka kai su da hannunsu da niyyar gyara. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a farkon 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta ba irin waɗannan marasa lafiya haƙƙin a kula da su cikin mutunci.

A asibiti za a duba jininta, don ƙarancin jini da matsalar maƙoƙo suna kwaikwayon wannan ciwo, haka zazzaɓin bayan haihuwa yana ruɗa mace. A auna hawan jini da zuciya, tunda na san ana ɗura mata kunun kanwa. Akwai magungunan da mai shayarwa ke sha ba tare da an yaye yaro ba. Ku fara da babban asibitin da ke kusa da ku. In sun ga ya fi ƙarfinsu za su tura ku asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware a Sakkwato, ko na Barnawa a Kaduna. In Gwaggo ta ce abin kunya ne a ji an kai 'yar gidan can, ki samu Baba ko wani kawu da ake jin maganarsa ki faɗa masa kalmar da ta faɗa miki, yadda ta faɗe ta. Na sake maimaitawa: yau, kuma kada a bar ta ita kaɗai. Ki rubuto mini yadda ake ciki.

Ina salla, ina azkar, amma ƙunci ya ƙi barina tun rasuwar mijina shekara biyu ke nan. Ƙawayena sun ce rashin tawakkali ne. Wata uwa, Maraɗi.

Hajiya, Allah ya jiƙansa. Ƙawayenki da kyakkyawar niyya suka faɗa, amma sun ɗora miki kaya a kan kaya. Annabi Yaƙubu ya yi baƙin cikin rabuwa da ɗansa har idanunsa suka yi fari, wa zai ce masa ba shi da tawakkali? Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu, shekarar baƙin ciki ake kiranta a tarihi. Mai ciwon suga ba a ce masa imaninsa ne ya yi ƙasa, ana ce masa ya sha magani ya yi addu'a. Jimamin rashi ba ciwo ba ne, amma wanda ya kai shekara biyu bai sassauta ba, har yana hana ki walwala da kula da yara, ya kamata likita ya gan ki. In kuma tunanin bin sa ya taɓa zo miki, kada ki kwana da shi, ki faɗa wa wani a ranar, a raka ki asibiti.

Na gama digiri da bautar ƙasa shekara uku, ba aiki. Yanzu ko wanka sai na yi da gaske. Ina kwana a waya, in tashi da azahar. A gida ana ce mini mai mataccen zuciya. Yaya zan samu ƙwarin gwiwa? Matashi, Zariya.

Ɗana, kana zaune kana jiran ƙwarin gwiwa ya zo sannan ka tashi, shi kuma ba ya zuwa wa na zaune. Motsi ke gaba, shi yana biyo baya. Wannan ba wa'azi ba ne, hanya ce da muke bi da masu ciwon damuwa a asibiti, kuma tana aiki: a ɗora wa mutum ƙaramin abu a ƙayyadadden lokaci, ya yi shi ko yana so ko ba ya so.

Ka fara da abin da zai ba ka dariya don ƙanƙantarsa. Lokacin tashi ɗaya kullum. Bayan asuba kada ka koma shimfiɗa, ka taka na minti 20 ko 30 hasken safiya ya taɓa ka, shi ke gyara agogon barci. Wayar ta kwana a wani ɗaki. Rabin ƙuncinka na dare daga kallon abokan karatunka ne a Facebook da Instagram, kowa ya ɗora hoton ofis da mota, ba wanda ke ɗora hoton bashinsa. Sai ka nemi wurin da za a jira ka kullum, ko shagon ɗinki ne, ko gyaran waya, ko koyar da yara a islamiyyar unguwa, ko da ba a biya da farko. Wanda ake jira yana wanka. Na san za ka ce da digirinka. Digirin na nan, ba ya ruɓewa, zaman ɗakin ne ke cin mutum.

Abu biyu zan ja kunnenka a kai. In wani a majalisa ya miƙo maka tiramol ko wiwi wai su ɗauke maka tunani, ka sani bashi ne mai ruwa, washegari ƙuncin zai dawo ninki. Na biyu, mutumin da wanka ya zame wa aiki ya wuce a kira shi malalaci. In ka gwada abin da na faɗa mako biyu ko uku ba ka ga haske ba, ko ka fara jin rayuwar ba ta da amfani, asibitin koyarwa na Shika na kusa da kai, akwai sashen masu irin wannan lalura. Kada ka jira. Iyaye kuma, gori bai taɓa tayar da mara lafiya ba.

An ce maganin damuwa in ka fara shi ke nan har abada. Gaskiya ne? Ma'aikaciyar banki, Abuja.

A'a, Malama. Irin su fluoxetine da amitriptyline ba sa sa maye, ba a kuma ƙara yawansu don jiki ya saba. Sai dai suna ɗaukar mako biyu zuwa shida kafin a ji aikinsu. Likita ne zai zaɓa miki, ba kemis ba.

Na sha magani wata biyu na ji garau. In daina? Direba, Bauci.

Kada ka kuskura. Ana ci gaba aƙalla wata shida bayan an ji sauƙi, sannan likita ya janye shi sannu a hankali. In yana sa ka gyangyaɗi a kan sitiyari, koma ka faɗa a canza maka, kada ka hau titi da barci a ido.

Wani yaro na neman 'yata, sai muka ji mahaifiyarsa ta taɓa kwanciya a asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau. Ana gadon abin? Wani uba, Kano.

Akwai ɗan gado a ciki kamar yadda yake a hawan jini da suga, amma yawancin 'ya'yan masu ciwon ba sa yin sa. Ku binciki halin yaron da sana'arsa, Alhaji. Gidan da suka kai mara lafiyarsu asibiti maimakon su kulle ta a ɗaki, ni dai da 'yata ce ba zan ji tsoron kai ta can ba.