Goyo a hanyar Yamai: me za a saya, me za a bari a kanti?

Wata mai jego daga unguwar Garin Malam a Damagaram ta rubuto: "Hajiya, barka da aiki. Ɗana wata uku gare shi. Maigida yana aiki a Yamai, ya ce mu same shi, ya kuma aiko da kuɗin sayayyar hanya. Ƙawata ta ce in sayi keken tura jariri da jakar goyo irin ta ƙirji. In saya?"

Ƴata, keken nan bar shi a kanti. Daga Damagaram zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne. Kar, wato babbar motar fasinja, tana tashi tun kafin asuba, ku bi Takieta, Tasawa, Maraɗi, Madawa, Ƙonni, Dogon Dutsi da Doso, yini guda cur kuna zaune. Duk tsawon wannan hanya keken yana can ƙasan mota, buhuna sun danne shi. In kin dawo gida kuma, wace taya ce za ta yi tafiya cikin rairayin unguwanninmu?

Kuɗin keken ki yanki tikiti na biyu da shi. Kujera biyu, ke da ɗanki. Na taɓa yin wannan tafiya da ƴata ta fari a kujera guda, kusa da wani bawan Allah mai ƙiba da barci mai nauyi. Kafin mu kai Madawa hannuna na hagu ya mutu, jakar kaya tana kan ƙafata, yarinya ta yi kashi, ni kuwa ba inda zan shimfiɗa ta sai cinyata, mota tana tsalle. Tun daga ranar ban ƙara ganin kujera ta biyu almubazzaranci ba ce. Ki je tasha tun ana gobe, ki roƙi wuri a tsakiyar mota, nesa da tayoyin baya inda jijjiga ta fi yawa. In motar mai kilim ce, wato na'urar sanyaya wuri, hula da safa su kasance a hannu, domin sanyin yakan sauko daidai kan yaro.

Jakar goyo kuwa, da tsohuwar zuma ake magani. Zani da majanyi sun ishe ki a tasha, hannuwanki biyu a sake. Sai dai da zarar kin zauna ki kwance shi ki dawo da shi gaba, kada birki ya matse shi da jingina. In kin nace sai jakar, ki tafi da yaron ki gwada: ta tallabe masa kai, fuskarsa a buɗe kina ganinta, haɓarsa ba ta nutse cikin ƙirjinsa ba. Masu arahar nan na leda zafi ne da su, kuma araha ba ta ado.

Abu guda da ƙawarki ba ta faɗa ba: karnen rigakafi, wato katin allurar yaro. Ana yin allura a sati 6, sati 10 da sati 14, ɗanki kuwa yana dab da ta ukun. A yi masa kwana biyu ko uku kafin tafiya, saboda jiki yakan ɗan yi zafi bayanta, ko ki tafi da karnen a yi masa a can.

Wani magidanci daga Birni ya ce: "Iyalina za su yi tafiya cikin zafin nan, yarinya tana wata huɗu. Mahaifiyata ta ce sai an riƙa ba ta ruwa a hanya. In sayi bibiron da madarar gwangwani?"

Malam, a gaida Inna, tausayi ne ya sa ta faɗa, wanda ya ga ranar Afrilu da Mayu a garin nan ba zai zarge ta ba. Amma jaririn da bai cika wata 6 ba nono kaɗai ya ishe shi, ko da zafi ya haura digiri 40, domin fiye da kashi 80 cikin 100 na nono ruwa ne. Ruwan hanya kuma, wanda ba a san rijiyarsa ba, shi ke jawo zawo.

Madarar gwangwani a mota wahala ce zalla. Ana haɗa ta da ruwan da aka tafasa wanda zafinsa bai sauka ƙasa da digiri 70 ba, a jira ta huce, in ta yi awa 2 ba a sha ba a zubar. Ina za a wanke bibiron a tashar da aka ba ku minti kaɗan na salla? Wadda ya kamata ka saya wa ruwa ita ce uwar. Ka cika mata jaka da ruwan kwalba da abin taɓawa, ta sa hijabi mai faɗi marar nauyi, ta ba da nono duk sa'ad da yarinya ta nema ba tare da jin nauyin kowa ba. Ta riƙa duba famfas: in ana jiƙa shi kamar kullum, lafiya lau.

A farmasi ka sayi gishirin zawo, wato SRO, da ƙwayar zinc, ka tambayi ma'aikacin lafiya yadda ake ba mai wata huɗu. Ledar SRO ta lita guda ba ta wuce awa 24 bayan an haɗa. Masu yawo da magani a kai kuwa, in sun ce ga wanda zai sa yaro barci har Yamai, ka ce Allah ya ba da kasuwa, ka wuce. In jiki ya yi zafi ko ta ƙi kama nono, a sauka a garin da ke gaba a nemi likita.

Ta ƙarshe daga Sabon Gari: "Da motar gida za mu je Kano ta Matamai. Kujerar jariri ta mota ba ta ƴan gayu ba ce?"

A'a, ƙanwata, wannan kam ki saya. Hannun uwa ba ya iya riƙe yaro in mota ta yi karo, kome ƙarfinsa. A ɗaure ta a kujerar baya, yaron yana kallon baya, ba a gaba kusa da direba ba. In ta gwanjo ce, ki ja igiyoyin da ƙarfi, ki duba ko robar ta tsage, ki kuma kai ta wurin motar a gwada ɗaurawa kafin ki biya. Ki cusa gidan sauro a jaka, kada ki dogara da na masu masauki.