Gasar haɗa robo a jami'a, karatu ne ko wasa?

Tambaya: Malam, ina shekara ta 2 a karatun injiniya nan Yamai, an ce mu shiga gasar haɗa robo mai bin layi, ga jarrabawa ta matso. Wannan ba ɓata lokaci ba ne?

Amsa: Ƙanena ka shiga, wallahi ka shiga. A jarrabawa in ka kawo rabin lissafi malam zai ba ka rabin maki, robo kuwa ko ya tafi ko ya tsaya, waya ɗaya ta kwance shikenan.

Ka ga wannan mai bin layin da kake rainawa, ƙananan idanun da ke ƙarƙashinsa hasken infrared, wanda idon mutum ba ya gani, suke aikawa ƙasa, fari ya maido shi, baƙi ya shanye. A cikin ɗaki komai lafiya lau, ka fito da shi tsakar gida ranar Yamai ta cika masa ido sai ya bar layin ya nufi bango, ga ƙura ta kwanta kan idanun, ga batir ya fara sanyi tayoyin sun rage gudu, lambobin da ka saita jiya yau sun ƙi. A nan ne lissafin PID da aka rubuta maka a allo, wato mai maido da robo kan layi in ya kauce, zai zauna maka a kai, don da idonka za ka ga robon yana tangaɗi hagu da dama in ka cika masa lamba ɗaya.

Kuma abin ba sabo ba ne. Tun a shekarun 1970 Farfesa Woodie Flowers na jami'ar MIT a Amurka ya riƙa ba ɗalibansa kaya iri ɗaya, kowa ya ƙera nasa a kara. Batun kuɗi ma da sauƙi yanzu, Arduino, ƴar ƙaramar kwamfutar da ke sarrafa robon, da ya fito daga Italiya a 2005 ya wadatar, moto kuma ka leƙa kasuwar Katako ka ciro daga matacciyar firinta.

Abu ɗaya ke damuna da gasar nan, sau da yawa mutum ɗaya ke rungume kwamfuta sauran suna riƙe masa waya. Kar ku yarda, kowa ya taɓa liƙi da darma, kowa ya rubuta program. Ku riƙe littafi kuna rubuta abin da ya lalace da dalili, ni a wurina littafin nan ya kamata malamai su ba maki, kofi kam wani lokaci sa'a ce.

Jarrabawa kuma, ku ware Asabar kawai, mako biyu kafin ta ku rufe robon a kwali.