Magana za ta biya mini bashi ne?

Tambaya: Likita, ni manomin shinkafa ne a wani ƙauye na ƙaramar hukumar Auyo. Ambaliya ta cinye mini gona, ga bashin taki da na iri a wuyana. Wata uku ke nan ba na barci, abinci ba ya yi mini daɗi, abu kaɗan sai in hau iyali da faɗa. Malamin asibitinmu ya auna ni ya ce jinina lafiya, sai dai in je in zauna da masu ba da shawara kan damuwa. Ni kuwa ban haukace ba. Kuma magana za ta biya mini bashi ne?

Amsa: Malam, Allah Ya mayar maka da alheri. A'a, magana ba za ta biya ko kwabo ba. Amma mutumin da ya yi wata uku bai rintsa ba, ko hanyar biya ta zo gabansa ba lalle ya gane ta ba.

Abin da ka lissafa ya yi kama da ciwon damuwa. Idan ƙuncin rai, ko fitar sha'awar komai daga zuciya, ya kai mako 2 kusan kullum, ya haɗu da rashin barci da rashin cin abinci, mukan ce ya wuce ɓacin rai na yau da gobe. Ba hauka ba ne, kuma ba raunin imani ba ne. Annabi Yaƙub ma ya yi baƙin cikin rabuwa da ɗansa har idanunsa suka yi fari.

Na san kunnenka ya cika da "sai haƙuri, ƙaddara ce". Gaskiya suka faɗa, sai dai daga nan kowa ke kama gabansa. Zamanmu ba nasiha ba ne. Kai ne za ka fi yin magana, mu saurara, kuma abin da ka faɗa ba zai je majalisar ƙofar masallaci ba. An rene mu a kan cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, shi ya sa magidanci kan haɗiye abu har ya fito masa ta ciwon kai ko masifa.

Daga nan sai a sauke kayan a kwance ɗaurin. A yanzu komai ya cure maka wuri guda: bashi, abincin gida, kunyar haɗuwa da mai taki ranar kasuwa. Za mu ware su ɗaya bayan ɗaya, ka zaɓi wanda ke da mafita a wannan makon. Wataƙila ka je wurin mai bin ka bashi tare da wani dattijo a tsayar da lokaci, maimakon canza hanya in ka hango shi. Wataƙila lissafin noman rani. Sai kuma tunanin da ke zuwa cikin dare, irin su "na gama yawo". Mukan ɗauko shi mu auna: sau nawa ruwa ya taɓa yi maka ɓarna, kuma yaya ka tashi?

A Zimbabuwe, wani likita, Dixon Chibanda, ya koya wa tsofaffin mata wannan dabara, suna zama da mutane a kan benci a harabar asibiti, kamar zama 6. Binciken da aka wallafa a 2016 ya nuna waɗanda suka yi zaman sun fi samun sauƙi bayan wata 6. Kakanni fa, ba masu digiri ba.

Fara da malamin da ya tura ka, ya rubuta maka takarda. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa a Kazaure, akwai na Dawanau a Kano, akwai sashen a Asibitin Malam Aminu Kano. Wani magana kaɗai ke isar sa, wani sai an haɗa da magani, kuma maganin kan ɗauki makonni kafin a ji aikinsa. Ka guji ƙwayar barci ta kemis ba da izinin likita ba.

In har tunanin rabuwa da duniya ya taɓa ɗarsuwa a ranka, kada ka jira ranar zama. Gaya wa ɗan'uwanka ko mai ɗakinka a yau, a kwashe maganin ƙwari da na feshi daga gidan, a raka ka asibiti.