Ko akwai mutane irinmu a wata duniyar?

Tambaya: Assalamu alaikum Dakta. Ni malama ce a wata makarantar sakandare a Tudun Wada, Kaduna. Ɗalibaina sun zo mini da bidiyon WhatsApp wai NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ta gano wata duniya sak irin tamu, har da mutane a ciki, ana ɓoyewa. Na rasa amsar da zan ba su, abin ya tsaya mini a rai. Idan duniyar irin tamu ce, dole ne halittunta su zama irin namu? Ko kuwa duk zancen canzawar halittu tatsuniyar Turawa ce da ba ta shafe mu ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Ki kwantar da hankalinki, ba a gano ko ƙwayar halitta ɗaya a wajen duniyarmu ba, balle mutum. Mai yiwuwa wata duniya mai suna Kepler-452b ake nufi, wadda aka sanar a 2015. Girmanta aka auna, da kwana 385 da take yi ta zagaye tauraronta, shi ya sa aka ce ta yi kama da tamu. Babu wanda ya ɗauki hotonta, abin da kuka gani zane ne. Ai Zahra ma kusan girmansu ɗaya da duniyarmu, amma zafinta ya haura digiri 450. Kama da wane ba wane ba ne.

A ce ma akwai ruwa da iska da rai a can. Wasu siffofi za su iya maimaituwa, domin matsala iri ɗaya takan jawo mafita iri ɗaya. Jemage da shirwa da fara duk suna tashi, alhali kowanne ta hanyarsa ya samu fiffike. Tinyar da ke dazukanmu ta yi kama da tsiron kaktus na hamadar Meziko, ga ƙaya ga jiki mai riƙe ruwa, kuma ba dangi ba ne. Fari ne ya sassaƙa su haka.

Amma tarihi bai cika maimaita kansa ba. Shekara miliyan 66 da suka wuce wani dutse ya faɗo daga sama a yankin Meziko, ya kawo ƙarshen zamanin manyan dabbobin nan da ake kira dainoso, dangin waɗanda ake tono ƙasusuwansu a hamadar Tenere ta wajen Agadas. Sai bayan nan dabbobi masu shayarwa suka samu fili. A 1988 wani masani a Amurka, Richard Lenski, ya raba bakteriya iri ɗaya cikin kwalabe 12, abinci ɗaya, ɗumi ɗaya. Dukansu sun ƙara saurin hayayyafa, amma bayan zuriya fiye da 30,000, bakteriyar kwalba ɗaya tak ce ta iya cin wani sinadari mai suna sitiret. Kwalabe 12 a ɗaki ɗaya sun rabu, ina ga duniya biyu?

Ƙarshen tambayarki ne ya fi damuna, domin wannan maganar kullum nake jin ta, kuma tana kashe mutane. Wai ba ta shafe mu ba! Ina kulorokwin? Waɗanda suka manyanta sun tuna ɗacinsa da ƙaiƙayinsa, sun kuma tuna yana aiki. A ƙarshen shekarun 1950 ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ta fara bijire masa a wajen iyakar Tailan da Kambodiya, haka kuma a Kolombiya, kowace da kanta, ba tare da sun haɗu ba. Kin ga maimaituwar da na ce. A hankali mai bijirewar ta iso Afirka, har Najeriya ta daina dogaro da shi ta koma kan sabon maganin zazzaɓin da ake kira ACT a 2005.

Duk da haka mutum zai zauna a gabana ya ce, "Dakta, jikina ne ya saba da maganin." Ba jikinka ba ne, Malam. Ka sha na kwana biyu maimakon biyar ko bakwai da aka rubuta maka, ko ka sha rabin ƙa'ida, ko na jabu. Masu raunin cikin ƙwayoyin suka mutu, masu taurin kai suka tsira suka hayayyafa, ka kuma raba wa matarka da 'ya'yanka su. Ki leƙa tashar Kawo ko bakin Kasuwar Barci da yamma, ki ga mai tallar magani da faranti a ka, kafso ja da baƙi rana tana dukansu. Wani mai kemis ɗin ma, wanda ko takardar shaida ba shi da ita, zai ƙulla wa mutum "haɗi" a leda gwargwadon kuɗin aljihunsa: antibayotik biyu, na ciwon jiki uku. Don mura fa, wadda antibayotik ba ya taɓa ta! Hukumomin da aka ɗora wa alhakin hana wannan sai su yi samame sau ɗaya a gaban kyamara, washegari faranti ya dawo. Haka masu kiwon kaji suke zuba antibayotik a ruwan kaji kamar gishiri a miya. Ranar da yaro ya kwanta da taifot na gaske, a yi ta canza allura ba ta ci, sai a ce sammu ne.

Don haka, Malama, gobe idan kin shiga aji ki ce su goge bidiyon. Ki tambaye su wa aka taɓa saya wa haɗi a gidansu, ki ƙirga hannuwan da za su tashi, daga nan ki fara darasin.