Aiki a Legas, Kwana a Ogun

Tambaya: Malam, ɗana ya samu aiki a Victoria Island, amma ya je ya kama ɗaki a wani gari wai shi Mowe, kullum tun kafin kiran asuba yake fita. Anya ba wasa yake da albashinsa ba? Daga wata uwa a Gombe.

Amsa: Hajiya, ki kwantar da hankalinki, tsadar haya ce ta kore shi, kuma ba shi kaɗai ba. Mowe ma ba a Legas take ba, tana Jihar Ogun, kan babban titin Legas zuwa Ibadan.

Mu nan idan gari ya cika, gona ake yankawa. Kin ga yadda Gombe ta miƙe har Tumfure tun da ta zama babban birnin jiha a 1996. Victoria Island da Ikoyi ba su da wannan gata, ruwa ya kewaye su. Kafin a samu sabon fili sai an zuba yashi an cike ruwa, kamar yadda aka yi a sabuwar unguwar Eko Atlantic. Sannan ƙasar tana da dausayi, harsashin gini kaɗai na cin kuɗi. A ɗan filin da ke akwai kuma bankuna da manyan kamfanoni ke rububi, ina ƙaramin ma'aikaci zai kutsa?

Dokar haya ta Legas ta 2011 ta hana karɓar fiye da kuɗin shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, amma ta cire Ikoyi da Victoria Island daga ciki. Ga kuma la'adar dillali da kuɗin rubuta yarjejeniya.

Inda nake da ja da ɗanki shi ne lissafi. Sauƙin hayar Mowe, hanya ce ke cinye shi, musamman tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023. Ga cunkoson gadar Third Mainland, wadda tsawonta ya kusa kilomita 12, safe da yamma. Ki ce ya tara kuɗin motarsa na wata 12 ya ɗora a kan hayar, sannan ya tambayi farashin ɗaki a Yaba ko Surulere, unguwannin Legas da suka fi kusa da wurin aikinsa, idan shi da wani suka haɗa kuɗi. Jirgin ƙasan Red Line da aka buɗe a 2024 ba zai rage masa wahalar hanya ba, don ba ya bi ta Mowe, daga Agbado yake tasowa zuwa Oyingbo.